GIDA A MATSAYIN MAKARANTA: IYAYE DA KARATUN 'YA'YANSU A ƘASAR HAUSA LOKACIN ANNOBAR KORONA



Ran 19 ga watan Maris na shekarar 2020 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da umurnin rufe makarantun Nijeriya baki ɗaya, tun daga firamare har jami'a, saboda cutar nan ta numfashi da ake kira Korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, ta kuma iso Legas ran 27 ga Fabrairu. Gwamnonin jihohin Arewa maso Yamma, a taron da suka yi a Kaduna, sun yanke cewa rufewar ta kwana 30 ce, daga ran 23 ga Maris. Kwana 30 ɗin nan sai suka miƙe suka zarce wata shida. 'Yan ajin ƙarshe masu jiran jarrabawa ne kaɗai aka bari suka koma ran 4 ga Agusta, sauran yara kuwa sai cikin Oktoba. A Jamhuriyar Nijar hutun dolen bai yi tsawo haka ba, domin an buɗe makarantu ran 1 ga Yuni, amma a ƙasar Uganda yara ba su sake zama a aji gaba ɗayansu ba sai watan Janairu na 2022. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a lokacin da abin ya fi tsanani, ɗalibai kimanin miliyan 1,600 ne a ƙasashe fiye da 190 suke zaune a gida.

A ko'ina hukumomi magana ɗaya suka yi wa iyaye, watau su ci gaba da koyar da yara a gida kafin Allah ya kawo sauƙi. Faɗar wannan magana ba ta da wuya. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne abin da iyaye a ƙasar Hausa suka tarar a hannunsu sa'ad da aka danƙa musu wannan aiki, da dalilin da ya sa gidan da ya yi ɗaruruwan shekaru yana karantar da 'ya'yansa ya kasa riƙe littafin aji biyu na firamare.

Gida ya riga makaranta

Ya kamata a fara da kawar da wani zato da ya daɗe yana yawo, cewa gidan Bahaushe wuri ne na ci da barci da tarbiyya kurum, ilmi kuwa sai an fita waje. Tarihi bai yarda da wannan ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, a wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, kuma da yawa daga cikin malamansa na farko baffanni ne da kawunnai. Ƙanensa Abdullahi, da ya zo lissafa waɗanda ya ɗauki karatu a wurinsu cikin littafinsa Ida'un Nusukhi, da mahaifinsu ya fara, sa'an nan yayansa Shehu. A cikin Nurul Albabi Shehu ya yi kakkausan suka ga malaman da ke tara ɗalibai a waje suna karantarwa alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta mai da wannan koyarwa aiki: ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jajoji, dattijan mata amintattu, su zo su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da ta tsara da Fulatanci da Hausa, su koma ƙauyukansu su shiga gida-gida suna koya wa mata. Duk wanda ya yi nazarin wannan tsari zai ga cewa Nana ta warware, tun a ƙarni na 19, matsalar da ta gagari ma'aikatun ilmi a 2020. Ta sa darasi cikin harshen da uwa take ji, ta ba shi siffar da za a iya haddacewa ana daka ko ana kaɗi, ta kuma aika mutum mai rai ya kai shi har cikin tsakar gida.

Haka kuma abin yake a fannin sana'a. Ɗan maƙeri a maƙerar ubansa yake koyon zuga da tsaga ƙarfe, ɗan marini a bakin karofi, yarinya kuwa tun kafin ta kai shekara goma ta san yawan mudu a tiya, ta san ribar ƙulli-ƙuli, ta iya ba da canji ba tare da ta riƙe alƙalami ba. Tatsuniya da kacici-kacici da karin magana, waɗanda kakanni ke yi da dare, darussan harshe ne da na tunani, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta musu manhaja. Makarantar allo ita ma 'yar gida ce. A zaure take, malaminta maƙwabci ne, uwa ta san surar da ɗanta yake ciki domin ita ma ta wuce ta wurin, kuma in ya dawo yana tilawa ya yi tuntuɓe, tana daga madafa za ta gyara masa.

Makarantar boko ce ta zo da wani hali dabam. Da Hans Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka fara koyarwa, kuma Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da Hausa aka yi shi, har magidanta da yawa suka iya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Amma a hankali Turanci ya mamaye aji. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta biyo bayan shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa, sai daga baya a juya zuwa Turanci. A aikace kuwa littattafan lissafi da na kimiyya da suka isa hannun yawancin yara da Turanci aka rubuta su, makarantun kuɗi ma da Turancin suke tallar kansu tun daga ajin renon yara. Ta haka boko ya zama wani abu da yaro ke sa wa riga ta musamman ya tafi ya yi a wani wuri, ya dawo ya tuɓe. Aikin uba ya tsaya ga biyan kuɗi da sayen littafi da duba sakamako a ƙarshen zango, shi ma sakamakon abin da yake dubawa shi ne na nawa yaron ya zo. Makarantar ba ta taɓa neman shiga gida ba, gidan kuma bai ga dalilin da zai sa ya leƙa cikin jakar yaro ba.

Abin da aka gani a 2020

Wannan ita ce alaƙar da annoba ta tarar. Farat ɗaya aka ɗauko aikin da aka yi shekara ɗari ana nuna wa iyaye cewa ba nasu ba ne, aka aje musu a tsakar gida.

Gidajen ba iri ɗaya ba ne, saboda haka sakamakon ma bai zo iri ɗaya ba. Akwai gidajen manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, inda ake da kwamfuta da janareta da kuɗin sayen data, inda makarantar yara ta ci gaba da aiko darasi ta Zoom ko ta WhatsApp. A nan wahalar iyaye ita ce ta zama da yaro a gaban na'ura da hana shi sulalewa zuwa wasanni, kuma da yawansu a lokacin ne suka fara sanin irin haƙurin da malamin aji ke yi da yara hamsin ko ɗari, tun da su uku kacal sun hana su sakat. Waɗannan gidaje su ne aka fi jin labarinsu, domin su ne ke da bakin magana a jarida da intanet, amma su ne 'yan tsiraru. Asusun UNICEF ya ba da rahoto a watan Agusta na 2020 cewa aƙalla yara miliyan 463 a duniya, watau kusan sulusin 'yan makaranta, ba su da hanyar samun darasi daga nesa ko ta wace kafa. A Nijeriya kuwa, bisa lissafin Bankin Duniya na 2021, mutum miliyan 85 ne ba su da wutar lantarki.

Sai gidajen talakawa na birni da ƙauye, waɗanda su ne mafi yawa. A birnin Kano, inda aka kafa dokar zaman gida tun tsakiyar Afrilu, ga kuma azumi ya kama ran 24 ga watan, magidancin da sai ya fita yake samun na cefane ba karatun yaro ne ya fara hana shi barci ba. Ranakun da aka sassauta doka, kasuwa ya nufa. Nauyin yara ya faɗa kan uwa, kamar yadda ya saba faɗawa. To, binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma matan da ke iya karanta rubutun da aka gwada su da shi ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mai gaggawa zai karanta wannan adadi ya ce ai ga amsa nan, jahilcin iyaye mata ne ya kashe karatun gida. Wannan hukunci bai yi adalci ba. Da yawa daga cikin matan nan sun yi makarantar allo ko Islamiyya, suna karanta Alƙur'ani daga kan takarda, kuma a watannin nan da Islamiyyu su ma suke rufe, su ne suka riƙe wa yara tilawa da hadda bayan sallar asuba da tsakanin magariba da lisha. Matar da za ta iya zaunar da yara huɗu, ta ba kowa nasa karatun gwargwadon inda ya tsaya, ta saurara, ta gyara, ta hana gaba sai an ƙware na baya, ai malama ce, kuma dabarar da take bi ita ce wadda masana ilmi suke yabo a yau, watau koyar da kowane yaro daidai matsayinsa. Abin da ya gagare ta shi ne littafin da ke cikin jaka. Ta iya raba naira ɗari biyar tsakanin mutum huɗu da ka, amma tambayar da ke shafi na ashirin, wadda wannan rabon take nema, an kulle ta da harshen da ba ta ji.

A gidaje da yawa waɗanda suka cike wannan giɓi yayye ne. 'Yan sakandare suna gida, ɗaliban jami'a ma suna gida, su nasu zaman ma ya fi tsawo domin ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aiki daga Maris har Disamba na wannan shekara. Aka riƙa ganin ɗan allo na katako an jingina a zaure, ko bango an shafa masa gawayi, yaya na koya wa ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta. Malaman makarantun kuɗi, waɗanda da yawansu albashinsu ya tsaya tun da kuɗin makaranta ya daina shigowa, suka shiga bin gidajen masu hali suna koyarwa a biya su. Ba wata hukuma da ta tsara wannan. Sakamakonsa shi ne, yaron da Allah ya ba yaya mai karatu ya ci gaba, ɗan fari a gidan da ba wanda ya yi boko kuwa ya tsaya cik, har ma ya koma baya.

Gwamnatocin jihohi, ciki har da Kano da Kaduna, sun juya ga rediyo da talabijin, kuma dabarar ba sabuwa ba ce. A 1937, da cutar shan inna ta hana buɗe makarantu a birnin Shikago na Amurka, ta rediyo aka koyar da yara kimanin 315,000, jaridu suna buga jadawalin darussa kullum, aka kuma ware malamai musamman domin amsa wayar iyaye. Ƙasar Saliyo ta yi haka a 2014 lokacin cutar Ebola. A ƙasar Hausa ma ba kafar da ta kai rediyo shiga gida. Sai dai rediyo yana da iyakarsa. Ba ya ganin abin da yaro ya rubuta, ba ya jin tambaya, ba ya dakatawa domin wanda aka bari a baya. Darasin rediyo yana bukatar babba a zaune kusa da yaro, wanda zai ce masa ɗauko fensir, maimaita abin da aka faɗa, nuna mini. Mutanen Shikago sun gane haka tun 1937, shi ya sa suka tanadi malaman da za su yi magana da iyaye. Darasin da aka shirya kamar malami na gaban aji, ba a yi wa uwa ko kalma ɗaya ba, yakan wuce ta saman gidan kamar sanarwar cigiya. Balle kuma a gidan da akwatin rediyon ɗaya ne, maigida kuma ya fita da abinsa majalisa.

A nan ne wani gwaji da aka yi a ƙasar Botsuwana ya cancanci a tsaya a kansa. Wata ƙungiya mai suna Young 1ove, tare da masu bincike, ta ɗauki gidaje kimanin 4,500 masu yara 'yan firamare a lokacin rufe makarantu. Aka raba su kashi-kashi. Wasu ana aika musu 'yan tambayoyin lissafi ta saƙon waya sau ɗaya a mako, wasu ana haɗa musu saƙon da kiran waya na kamar minti ashirin, inda mai koyarwa zai yi magana da uwa ko uba tare da yaron, wasu kuwa ba a yi musu kome ba domin a sami abin kwatantawa. Ƙaramar waya ta talaka aka yi amfani da ita, ba mai intanet ba. Da aka auna yaran, saƙo shi kaɗai bai yi wani tasiri na a zo a gani ba, amma saƙo haɗe da kira ya ɗaga iya lissafin yara, iyaye kuma suka ƙara sanin ainihin inda 'ya'yansu suka tsaya. Daga baya an maimaita gwajin a Indiya da Kenya da Nepal da Filifin da Uganda, aka sami ci gaba. Gaskiya ne wani gwaji mai kama da shi da aka yi a Saliyo bai nuna ƙarin kome ba a sakamakon yara, saboda haka waya ba laya ba ce, ya danganta da abin da aka faɗa a cikinta da yadda aka daidaita shi da matsayin yaro. Duk da haka, mai sauraro zai lura cewa abin da ya yi aiki a Botsuwana ya yi kama ƙwarai da aikin jajin Nana Asma'u: ɗan darasi kaɗan, a kai a kai, ta bakin mutum, zuwa ga babban da ke cikin gida.

Akwai yara iri biyu da wannan zance na karatu a gida bai ko shafe su ba. Na farko almajirai. A watan Afrilu na 2020 gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mai da almajirai jihohinsu na asali, aka yi ta lodinsu a motoci daga wannan jiha zuwa waccan, aka kuma sami masu ɗauke da cutar a cikinsu. An mai da su gida da sunan iyaye su ɗauki nauyinsu, ba tare da an tambayi abin da ya fitar da su daga gidan tun farko ba, wanda sau da yawa rumbu ne da ba ya kai wa damina. Da ƙura ta lafa, da yawansu suka koma inda suka fito. Na biyu 'yan mata masu tasowa. Yarinyar da ta yi wata shida a gida ta zama hannun daman uwarta a wajen raino da talla, kuma in mai nema ya fito a wannan tsakani, ba kowane uba ne zai ce a jira makarantar da ba a san ranar buɗe ta ba. Wasunsu ba su sake sa rigar makaranta ba.

Kada kuma a ɗora wa annoba ko iyaye laifin da ya girme su. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara 'yan shekara goma da ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi sun tashi daga kashi 57 cikin ɗari a 2019 zuwa kashi 70. A Afirka kudu da Sahara kuwa tashin daga kashi 86 ne zuwa 89. Ma'anar wannan a fili take: tun makarantu suna buɗe, malamai suna aji, kusan tara cikin goma na yaran wannan yanki ba sa karatu da fahimta. Ashe abin da aka nemi uwa ta ci gaba da shi a gida, a aji ma bai kankama ba. Masu ganin cewa koyarwa da harshen uwa koma baya ne ya dace su sake duba gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarabanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami, yaran kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Shekarar 2020 ta ƙara wa hujjar Fafunwa wani reshe da ba a cika ambata ba. Littafin lissafi da aka rubuta da Hausa yana da masu iya taimakawa a kansa a cikin gida, ko da ta hanyar yaro ya karanta da ƙarfi uwa ta ji ta ba da amsa. Wanda aka rubuta da Turanci kuwa, in malami ya tafi, ya zama marayan littafi.

Ba a kuma jima ba aka sake bukatar gida. Wata biyu kacal bayan buɗe makarantu, ran 11 ga Disamba na 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. Cikin Fabrairu na 2021 aka yi na Kagara a Jihar Neja, aka kuma sace 'yan mata 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara. Kowane hari sai ya jawo rufe makarantu, musamman na kwana, a jihar da abin ya faru da maƙwabtanta, wani lokaci na makonni, wani lokaci na watanni, kuma a wannan karon ba wani shirin duniya da ya tashi domin koyar da yaran daga nesa. A farkon Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a Maradun, Gwamnatin Zamfara ta rufe makarantun jihar, a cikin makon kuma aka katse layukan wayar salula a faɗin jihar saboda aikin soja. A makonnin da suka biyo baya, ko dabarar Botsuwana ba ta da hanyar shiga Gusau ko Talatar Mafara. Abin da ya rage wa ɗan aji uku a can shi ne akwatin rediyo in akwai batir, da littafin da ya dawo da shi a jaka ranar da aka sallame su, da uwarsa.